Kemis, Asibitin Gwamnati ko na Kuɗi: Ina Mai Daɗaɗɗen Ciwo Zai Dosa a Legas?

Yayana ya yi shekara 11 yana dako a kasuwar Mile 12. Kwandon tumatir, buhun albasa, buhun dankali, duk abin da manyan motoci suka kwaso daga Arewa ya bi ta kansa da wuyansa da ƙugunsa. Ranar da na gane ciwon bayansa ya wuce na gajiya, muna sallar Asuba ne a masallacin layinmu a Agege. Liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe zuwa raka'a ta biyu, shi kuwa ya dafa tabarma da hannu biyu ya kasa tashi. A zaune ya ƙarasa sallar, bayan sallama ni da wani bawan Allah muka ɗago shi. Da muka koma ɗaki na ɗaga katifarsa ina neman man zafi, sai ga baƙar leda cike da fankon katin magani, wasu ƙwayoyin ma a ƙulle suke a farar takarda, ko suna babu. Ya kawar da kai ya ce, "Ƙanena, in ban sha uku da safe ba, ko kwando ɗaya ba zan iya ɗagawa ba."

Daga wannan Asuba zuwa yau shekara 2 ke nan da 'yan watanni, kuma babu ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba a garin nan. Ni ba likita ba ne, mai jinya ne. Na rubuta wannan ne saboda ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke Idi-Araba ko Obalende ko Alaba Rago, wanda ciwon baya ko gwiwa ko ƙugu ya zame masa abokin kwana, yana juya 'yan kuɗin da ya tara yana tunanin inda zai kai su.

Ciwon da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, likitoci ba sa yi masa kallon ciwon jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ware masa gurbi na kansa a sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Dalili kuwa, in ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa sukan zama kamar mai gadin da ɓarayi suka taɓa shammata: daga ranar, ko kyanwa ce ta gifta sai ya busa usur. Raunin farko yana iya warkewa, usur ɗin bai yi shiru ba. Rashin barci yana ƙara masa ƙarfi, haka tunanin kuɗin haya, haka tsoron motsi da ke sa mutum ya yi ta kwanciya har naman jikinsa ya saki. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, amma ƙwaya ita kaɗai ba ta iya masa.

Wani likitan Amurka, John Bonica, wanda ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne ya yi fice wajen kafa asibitin da masana daban-daban za su taru a kan majinyaci ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake kira jinyar haɗin gwiwa ke nan: likita mai rubuta magani, likitan gashin ƙashi mai koyar da motsa jiki, masanin halayyar ɗan'adam, sannan a sako abin da ya dace daga tausa ko tsira allurai irin na Sinawa, duk a ƙarƙashin shiri guda. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya, ta kuma ƙiyasta cewa ciwon ƙasan baya gaba ɗaya, daɗaɗɗe da sabo, ya dami mutum miliyan 619 a duniya a 2020. Ta amince da wayar da kan majinyaci, motsa jiki bisa tsari, tausa, tsira allurai, zama da masanin halayya, har da man shafawa mai barkono. Ta ce a guji ɗamarar baya, da jan ƙashin baya da na'ura, da magunguna dangin tiramadol. Ku riƙe wannan, don da shi za mu auna abin da ake sayar mana.

Hanyar da kusan kowa ke farawa da ita ita ce wadda mutum ke haɗa wa kansa: kemis ɗin bakin layi da safe, mai tallan magani da lasifika da rana, wanzami ranar Juma'a. Ba zan raina ta ba, don na san abin da ya sa ake binta. Mai kemis yana jin Hausa, yana buɗe har ƙarfe goma na dare, yana ba da bashi, kuma ba ya cinye maka yinin aiki. Ga wanda abincin gidansa ke kan abin da ya samo yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Illar tana cikin kalmar nan ta "a haɗa mini". Da muka zazzage ledar Yaya, akwai diklofenak, akwai ibufurofen, akwai firoksikam. Sunaye uku ne, amma 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya. Shan su tare ba ya ninka sauƙi, ninka haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda yake yi, ballantana ga mai aikin ƙarfi cikin rana yana zufa ba ya shan isasshen ruwa. A cikin haɗin akan jefa irin ƙananan ƙwayoyin nan da wasu ke sha don su yi ƙiba. Suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, in aka daɗe a kansu fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Sai uwa uba tiramol, wato tiramadol. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, shi ma sai da takardar likita. Mai 225 da ke yawo a tashoshi haramtacce ne, yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, kuma yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Da yawa daga cikin samarinmu da ake zagi da shaye-shaye, da ciwon baya suka fara. Ko farasitamol da ake ganin ba komai ba ne, ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, hanta ce ke biya.

Mai lasifika kuma amsarsa ɗaya ce ga kowane ciwon baya: basir ne, ko sanyi ne. Wata uku Yaya ya yi yana shan jiƙon da ke sa shi zawo, ya rame ya ƙara galabaita, bayan yana nan yadda yake.

Wanzami daban ne, kuma ina ganin girmansa. Ƙaho yana da asali a addini da al'ada, kuma Yaya yakan ce yana jin jikinsa sakayau na kwana uku ko huɗu bayan an yi masa. Sauƙi ne na ɗan lokaci, ba warkewa ba, kuma sharaɗinsa sabuwar reza da aka ɓare a gabanka, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini kada su yarda a tsaga su sai sun tambayi likita. Babban aibin wannan hanya gaba ɗaya shi ne kowa yana ba ka nasa, babu wanda ya san abin da ɗayan ya ba ka.

Hanya ta biyu ita ce manyan asibitocin gwamnati, kuma a nan Legas ta fi garuruwa da yawa wadata. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a Idi-Araba, a ƙofar gidan Hausawan unguwar. Ga LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar, a Ikeja. Ga Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Igbobi, a bakin titin Ikorodu, inda motar BRT daga Mile 12 ke bi ta gabansa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, inda akwai masanan halayya. Duk wanda jinyar haɗin gwiwa ke buƙata akwai shi a waɗannan wurare: likitan ƙashi, likitan jijiya, sashen gashi, ɗakin hoto. Likitocin da suka ƙware a kan ciwo kansa galibi suna sashen masu sa barci a tiyata ne, can za ka tambaya. Kuɗin ganin likita bai kai na asibitin kuɗi ba ko kusa.

Tsadar wannan hanya ba a naira take ba, a kwanaki take. Mu a wani asibitin gwamnati da muka je, mun fita gida kafin Asuba, muka yanki kati, muka bi layi har bayan Azahar, aka ba mu ranar dawowa bayan makonni. Ranar hoto daban, ranar karɓar sakamako daban, ranar gashi daban. Kowace rana ɗaya yini ne da ba a yi dako ba, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga cunkoson hanya da ke ƙara wa mai ciwon baya azaba a kujerar danfo. Kuma ko da yake masanan duk suna cikin katanga ɗaya, ba lalle su zauna su tattauna a kanka ba. Kai ne za ka riƙa ɗaukar labarinka daga wannan ƙofa zuwa waccan. In ba ka jin Turanci ko Burokin sosai, kada ka je kai kaɗai. Na ga dattijon da likita ke tambayarsa ko ƙafarsa tana mutuwa, shi kuwa yana ta cewa to, to, don kunya.

Duk da haka, akwai waɗanda ba su da zaɓi sai wannan hanya, kuma a nan ba na sassautawa. Ciwon baya da ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko ƙafa da ke ƙara rauni, wannan na gaggawa ne, ranar ake tafiya. Wanda ya zo da rama, zazzaɓi da zufar dare yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai ciwon daji wurinsa nan ne, kuma in likita ya rubuta masa mofin, maganin zafi mai ƙarfi, kada dangi su hana don tsoron shaye-shaye, lamarinsa daban ne da na mai ciwon dako. Haka mai sikila. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Nijeriya kowace shekara, kuma da yawansu in sun girma ciwon ƙugu na dindindin ke kama su saboda jini ba ya isa kan ƙashin. Wannan ba aikin ƙaho ba ne, ba na kemis ba ne. Cibiyar Gidauniyar Sikila ta Nijeriya tana nan daura da LUTH, kuma likitan jini ne ya kamata ya jagoranci jinyar.

Hanya ta uku cibiyoyin kuɗi ne, irin waɗanda suka yi yawa a Ikeja, Lekki da Victoria Island. Na ƙwarai a cikinsu suna ba da abin da asibitin gwamnati ke wahalar bayarwa: lokaci. Za a ba ka awa, a zauna da kai, likita da mai gashi su yi magana da juna, a kira ka a waya a ji yadda ka kwana. In kana da albashi mai kauri ko inshorar wurin aiki da ta ɗauki gashi, wannan ce ta fi sauƙin bi. Amma allon ƙofa iri ɗaya ne da na 'yan damfara. Mun taɓa shiga wata inda aka sa Yaya ya riƙe wani ƙarfe da aka jona da kwamfuta, cikin minti biyu ta zayyano cututtuka fiye da goma, aka jero mana robobin ƙwayoyi da shayin wanke jini, aka ce mu biya kuɗin zuwa ashirin a dunƙule. Babu wanda ya ce ya tuɓe riga a duba bayan. Muka yi godiya muka fito.

Gane su ba wuya. Ka tambayi wane ne likitan da zai duba ka, kuma mai gashin yana da rajista da hukumar MRTB mai kula da masu wannan sana'a? In mai maganin gargajiya ne, Jihar Legas tana da hukumar da ke yi musu rajista, ka nemi ganin takardarsa. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin. Ka duba kuma abin da za a yi maka a zaman: in kwanciya kawai za ka yi a jona maka na'ura, a ja bayanka, a sayar maka da ɗamara, to abin da jagorar nan ta 2023 ta ce a guje wa ne kake biya. Wurin kirki zai sa ka motsa da kanka, ya koya maka abin da za ka yi a gida, ya yarda ka biya zuwa uku ko huɗu ka gani tukuna. Duk wanda ya ce zai raba ka da ciwon shekara biyar cikin mako biyu, kuɗinka yake so.

Inda muka tsaya a ƙarshe hanya ce ta huɗu, wadda ba ta da allo ba ta da suna, kuma ita nake ba talaka mai ciwon aiki shawarar ya bi. Mun daure muka bi babban asibiti sau ɗaya har aka tabbatar babu abin tsoro, babu buƙatar tiyata. Daga nan muka nemi likita ɗaya a asibitin gwamnatin jiha mafi kusa da mu muka damƙa masa linzami. Irin waɗannan asibitoci suna nan a Orile-Agege, Gbagada, Isolo da sauran unguwanni. Ranar farko na juye masa ledar nan a kan teburi. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana warewa gefe, ya tura Yaya gwajin ƙoda, ya bar masa maganin zafi guda ɗaya da sharaɗin a sha bayan abinci, kuma a ranakun da ciwon ya tsananta kawai. Tiramol bai ce a yanke rana ɗaya ba, don yankewa kwatsam na kawo zufa, rawar jiki da rashin barci, har mutum ya koma. A hankali aka riƙa ragewa, mako bayan mako. Makonnin nan sun yi mana wuya ƙwarai, Yaya ya zama mai saurin fushi, har matarsa ta yi kuka a gabana.

Gashi sau shida muka je, ba don a gasa shi ba, don a koya masa. Na ɗauki kowane motsi a wayata, ya riƙa yi a kan tabarma bayan Asuba da bayan Isha'i, ya ƙara da tafiyar ƙasa da ya fara daga ƙofar gida zuwa bakin layi. Wanzami bai fita daga lissafi ba, amma yanzu likita ya san da shi, kuma mu muke zuwa da rezarmu. Limaminmu ma ya yi nasa aikin. Yaya yana jin nauyin yin salla a kan kujera a gaban mutane, har yakan ƙi zuwa jam'i. Malam ya kira shi gefe ya ce, "Malam, wanda ya yi umarni da tsayuwa shi ya yi rangwame ga mara lafiya, ka zo ka zauna a ƙarshen sahu." Dawowarsa cikin mutane ta rage masa ƙunci fiye da yadda na zata. Akwai kuma littafi ɗan ƙarami da nake rubuta komai a ciki, abin da ya sha, ranar ƙaho, awa nawa ya yi barci, kuma shi muke miƙa wa duk wanda zai duba shi.

Wannan hanya tana da giɓinta, ba zan ɓoye ba. Tana buƙatar ɗan'uwa mai tsayawa, wanda zai raka, ya fassara, ya rubuta. Wanda ya zo ci-rani shi kaɗai yana kwana a rumfar kasuwa zai sha wuya, sai dai in 'yan garinsu ko shugabannin sashensa sun tallafa. Sannan zama da masanin halayya, wanda yake ginshiƙi ne a jinyar haɗin gwiwa, shi ne ya fi wuyar samu a unguwa, kuma mutanenmu da an ambaci Yaba sai su ce, "Ni ba mahaukaci ba ne." Aikinsa kuwa koya wa mutum yadda zai raba aikinsa kada ya zage yau ya kwanta kwana uku, yadda zai samu barci, da yadda zai daina jin kowane motsi kamar bayansa zai tsinke. In ciwo ya kai mutum ga ƙin cin abinci, ƙin mutane, ko fatan mutuwa, wannan zuwan ya zama dole. Ta fuskar kuɗi kuma, inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, ta mazauna Legas ce, ba ta 'yan asalin jihar kaɗai ba. Ka tambaya dalla-dalla ko tsarin da za ka shiga ya ɗauki gashi da hoto kafin ka biya.

Abin da ya fi komai wuya shi ne sana'ar kanta. Babu likitan da zai gyara bayan da ake ɗora wa buhu kullum. Mun haɗa kuɗi da 'yan'uwa, wani dillali da ya daɗe yana yi wa dako ya ba shi albasa bashi, yanzu kasawa yake yi a gefen kasuwa. Samun bai kai na da ba a ranakun da kaya suka yi yawa, amma abin da yake kai wa kemis ya dawo aljihunsa.

In za ka auna kowace hanya da ka zaɓa, ka ba ta mako shida zuwa takwas, kuma kada ka tambayi ko ciwon ya tafi. Ka duba awa nawa kake barci, ina kake iya takawa, ƙwaya nawa kake sha yanzu in an gwada da da. Yaya yana barcin awa shida, yana zuwa kasuwa ya dawo da ƙafarsa daga tasha, sallolin rana a tsaye yake yin su. Asuba kuwa, musamman in damina ta kankama gari ya yi sanyi, har yanzu kujerarsa tana nan a ƙarshen sahu. Wata mai kamawa za mu koma a sake gwajin ƙoda.